Malamar Ganga ta tafi, kayanta na kulle

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, muna tsaka da darasi, shugaban makaranta ya leƙo ajina ya ce kin rasu a asibiti. Na kasa ƙarasa abin da nake rubutawa a allo.

Bango ɗaya ne ya raba ajina da naki, saboda haka ni shaida ce. Da ganga kika koyar da rabi da kwata: ki buga sau huɗu, ki ɗauke ɗaya, ki tambayi yara nawa ya saura. Da tsirkiyar molo kika nuna musu yadda sauti ke sirancewa idan an gajarta ta. Abokan aiki suka laƙaba miki Malamar Ganga don zolaya, kika karɓi sunan da dariya. Kin taɓa ce mini, "Yaya, abin da ya shiga ta kunne ya sauka a ƙafa ba ya fita."

Ba zan manta yarinyar nan mai in'ina ba, wadda ke ɓuya bayan ƙofa duk lokacin karatu. Kin zaunar da ita kusa da ke, kina buga mata gaɓa-gaɓa a hankali, har ta karanta shafi guda a gaban aji. Ranar jana'izarki, sai da aka riƙe mahaifiyarta saboda kuka.

Amma ba kowa ya gane ba. Wasu iyaye suka kawo ƙara, wai karatu suka kawo 'ya'yansu ba kiɗa ba. Aka kwashe gangar da molon da sarewa, aka kulle a kabad ɗin ofis, wai sai kwamiti ya zauna. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ci gaba da alli kawai, ni kuwa ina jin shirun ajinki ta bango, yana damuna fiye da ƙarar gangar a da.

Da na je duba ki a asibiti, kin rame, magana da ƙyar. Kika ce, "Yaya, an buɗe kabad ɗin?" Na ce tukuna. Kika juya fuska bango, kika ce, "Jarrabawa ta ƙarato fa."

Har yau kwamitin bai zauna ba. An haɗa mini yaranki da nawa, suna kallona, ni kuma ban iya riƙe ko makaɗi ba. Jiya na sake roƙon shugaba ya buɗe kabad ɗin, ya ce in yi haƙuri. Zan koma gobe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika koyar ya zame miki sadaka mai gudana. Ga maigidanki, da Inna da ta haife ki, da marayunki biyu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Yaran ajinki kuma, Allah Ya kawo musu mai jin tausayinsu kamar ke. Amin.