A Bari Ruwa Ya Sauka

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Ajingi, darasin gwamnati aka ba ni, ni kuwa na ɗauke shi da zafi kamar ni na rubuta tsarin mulkin ƙasa. Kullum ina gaban allo ina zayyano wa yara ire-iren mulki: na soja, na sarauta, na dimokuraɗiyya. In na zo kan tarayya sai in zana matakai uku, gwamnatin tarayya a sama, jiha a tsakiya, ƙaramar hukuma a ƙasa, in ce duk wani iko a ƙasar nan a cikin ukun nan aka raba shi. Da yamma in hau mota in koma ƙauyenmu a yankin Gafasa, in tarar da Baba a zaure kan buzunsa, mutane na jiran ya raba musu gardama. Baba shi ne mai unguwa, kuma babu shi a zanena.

Muna da maƙwabciya, dattijuwa, Iya muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk mata ne suna gidajen aure. Gona ɗaya gare ta, da ita take ci. Layin gamba ne iyaka tsakaninta da gonar wani dattijo. Da bazara ɗan dattijon ya dawo daga Kano ya karɓi noman gidansu. Ya yi shara, ya banka wa gambar wuta, ya sassabe kututturenta, ya baza taki har cikin gonar Iya. Wurin da ya ci kuwa shi ne gefen kwari mai riƙe ruwa, inda geronta ya fi yin kyau.

Iya ta kawo kuka zaure. Baba ya sa aka kira saurayin, shi ma ya rantse iyakarsu ta kai nan. Baba ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "To, na ji. Kowa ya koma gida. A bari ruwa ya sauka."

Ina daga cikin gida ina jin su, raina ya ɓaci. Saurayin ɗan jam'iyyar kansila ne, har hoton kansilan ya manna a babur, sai na yanke cewa tsoro ne ya hana Baba magana. Na bi Iya har ɗakinta.

"Iya, ki yi haƙuri, amma a doka Baba ba shi da ikon komai. Hukuma tana Ajingi. Zan rubuta miki takarda."

"Anya, 'yar nan? Mai unguwa fa cewa ya yi a jira."

"A jira har ya shuke miki gona?"

Na rubuta takarda da Turanci, shafi biyu, ina ji da kaina. Ranar kasuwa muka shiga mota. Kansila ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi nasa rijiya ne da kwalbati, iyakar gona ba huruminsa ba ce. A sakatariyar ƙaramar hukuma wani ma'aikaci ya karanta, ya buga hatimi, ya ce maganar ta ofishin hakimi ce. A can aka ce za a tura wa dagaci ya bincika, kafin nan kada kowa ya taɓa wurin da ake gardama a kai. Ba wanda ya wulaƙanta mu, kowa aikinsa ya yi. Na dawo gida ina murna, wai na taka wa saurayin birki.

Bayan mako guda ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai. Gari ya watse zuwa gona, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Kwana huɗu da ruwan Baba ya leƙo ya ce, "Malama, zo ki raka ni." Ba ya ce mini Malama sai in zai tsokane ni.

Muka isa gonar Iya, sai na ja na tsaya. Gambar da aka ƙona ta tofo, koriya shar, a layi ɗaya tun daga bakin hanya har gindin gawo. Babu mai ido da zai yi musun inda iyakar take.

"Gamba ba ta mutuwa don an ƙona kanta," in ji Baba. "Saiwarta na ƙasa. Da na yanke magana ranar nan, yaron zai ce na goyi bayan maƙwabciyata. Yanzu kuwa da idonsa zai gani."

"To Baba, a kira shi mana yanzu!"

"Da bakin wa? Magana ta bar hannuna. Tana gaban hakimi. In na taɓa ta na tsallake na gaba da ni. Sai ta sauko."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni da nake koyar da yadda ake raba iko, ban san cewa abin da aka ɗaga sama sai ya bi tsani ɗaya bayan ɗaya kafin ya dawo ba.

Mako uku takardata ta yi tana saukowa. Sai da aka yi zama a ofishin hakimi, sai da dagaci ya dawo daga wata ta'aziyya, sannan ya aiko wa Baba cewa ya duba lamarin. Kullum na wuce in ga geron mutane yana tasowa, gefen kwarin Iya kuwa sai ciyawa. Na yi ta zirga-zirga Ajingi ina roƙon a janye, aka ce abin da ya shiga fayil sai ya fita ta ƙofarsa.

Ranar da aka taru a gona ko rabin awa ba a yi ba. Saurayin ya dubi layin gamba, ya durƙusa ya ba Iya haƙuri. Bai sani ba ne, a birni ya tashi. Shi ya kawo irin wake ya shuka mata, don lokacin gero ya riga ya wuce.

Da kaka ina zaune a tsakar gida Iya ta yi sallama, ɗauke da kwano cike da wake.

"Ga shi, 'yar nan, ki yi ƙosai. Kin sha wahala a kaina, Allah ya yi miki albarka."

Da gaske take, babu habaici a muryarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na karɓa da hannu biyu, na shige ɗaki na yi kukana. Shekarar nan rumbun Iya ya ƙare tun kafin ruwa ya sake sauka. Daga namu Baba ya riƙa ɗebo damin gero, ni yake ba in kai mata, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini komai a kai ba.