Gaisuwa da Ƙarfe a Wuya

A bayan wani shagon kayan gyaran mota a Dutse Uku muke ɗaga ƙarfe da yamma. Kayanmu ba na kanti ba ne, siminti ne aka zuba a gwangwanayen fenti, aka soka musu sandar ƙarfe. Mai shagon, wani Ibo da aka haifa a Jos, shi ke koya mana, kowa kuma Oga yake ce masa.

Akwai babban ƙarfe guda da ake ɗorawa a kafaɗa, a durƙusa da shi, a miƙe. Duk sa'o'ina sun ɗaga shi sai ni, alhali na fi su ƙirji. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Da na shiga ƙarƙashinsa sai in cije haƙora, in ɗaure wuya, in damƙe sandar har yatsuna su sage. In na durƙusa kuwa shi ke nan, sai an zo an ɗauke mini shi ana dariya.

Oga ya sha gaya mini cewa ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta kwankwaso ya hau, ni kuma ina tare masa hanya da ɗaurewar jiki. "Kana faɗa da ƙarfe," in ji shi. "Saki wuya, saki baki, ƙafa zai yi aikinsa." Ni da zafin kaina na ɗauka surutu ne. Da ya gaji, ya ce in na sake kasawa ranar Asabar, zan koma layin sabbin shiga da ƙananan gwangwanaye.

Ranar Asabar ɗin na saɓa ƙarfen, na fara cije-cijen da na saba, sai ga mahaifina ya shigo da sallama, ya zo karɓar mukullin shagonsa a hannuna. Tunda nake ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kafin in yi wani tunani gwiwoyina sun lanƙwashe, na sauka a hankali, na sunkuyar da ido.

"Baba, ina wuni?"

Baba ba ya gajarta gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ni kuma ina amsawa. Baki ba ya cijewa yana "lafiya lau", kafaɗuna ma suka sauka da kansu. Da ya gama ya ce, "To, tashi mana."

Na taka ƙasa na miƙe. Sai da na ji tafi na tuna abin da ke wuyana, wani daɗi ya rufe ni. Oga yana ta dariya, ya ce layin manya nawa ne, amma kullum in riƙa zuwa da Baba.

Baba ya dubi gwangwanayen, ya dube ni, ya karɓi mukullinsa. Ya ce tunda haka ne, daga gobe ya sallami mai baro, buhunan masarar gidanmu ni zan riƙa shigowa da su.