Goggo Gawa-ta-ƙi-rami

Goggona, ƙanwar babanmu, ta tagar sayar da tikiti ta shiga harkar wasan kwaikwayo. Wani ɗan akurkin ɗaki ne a jikin zauren wasanni, kujera ɗaya, fanka mai ƙara, sai bangon katako tsakaninta da dandamali. Wasannin gidan duk na waƙa da rawa ne, ko ruwan sha mutum zai roƙa sai ya rera. Tana yagar tikiti tana kasa kunne, har ta haddace waƙoƙin kaf, na maza da na mata.

Wata rana mura ta shaƙe muryar matar da ke fitowa a uwar jarumi. Darakta, wani gajere mai zafin kai, yana ta kai-kawo a bakin ƙofa. Goggo ta leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, in dai uwar nan ce, na iya ta."

"Kin taɓa hawa dandamali?"

"Na taɓa share shi."

Ba yadda ya iya. Ya ce mata aikin ba wuya: baiti biyu za ta rera a kan gado, ta yi wa ɗanta wasiyya, ta mutu.

Ta rera, ta mutu. Zaure ya kaure da tafi. Goggo ta ce tana kwance ido a rufe ta ji tafin nan yana ratsa ta, ta ce a ranta, yanzu shi ke nan an gama da ni? Dogo, wanda ke fitowa a ɗanta, ya durƙusa ya buɗe baki zai fara waƙar kuka, sai gawa ta dogara da gwiwar hannu ta tashi.

"Ɗana, na manta wani abu."

Nan take ta ƙago baiti na uku, a kan tukunyar da maƙwabciya ta ara ba ta maido ba. Makaɗa suka dubi juna, suka bi ta. Ta koma ta mutu. Dogo ya sake jan numfashi, ta sake tashi, wai kada ya auri 'yar mai tukunyar.

Darakta ya rantse ya maya sai ya kore ta. Washegari layin masu sayen tikiti ya kai bakin titi, kowa tambayarsa ɗaya: yau ma matar nan za ta mutu? Daga ranar sunanta ya ɓace, ta zama Gawa-ta-ƙi-rami.

Shekara da shekaru tana mutuwa a gidan nan. Ta mutu da ciwon zuciya, ta mutu da guba, ta faɗo daga bene, har zaki na kwali ya taɓa cinye ta, ta ci gaba da waƙa daga cikin cikinsa. Kakarmu sau ɗaya ta je kallo. Da Goggo ta sheme, tsohuwa ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu, sai ga gawa ta miƙe. Kaka ta yi tsaki ta ce wa babanmu, "Na san za a rina. Tun tana goye, in aka ce ta kwanta ba ta kwanciya."

Wanda ya fi shan wuyarta Dogo ne. Yana rungume da ita yana waƙar makoki, ita kuwa tana mintsininsa a ciki, ko ta raɗa masa cewa gashin bakinsa na roba ya karkace. Bawan Allah ya riƙa cusa fuska a mayafinta yana jijjiga don dariya, masu kallo suna share hawaye suna cewa ba su taɓa ganin mai kuka irinsa ba.

Shi ma ya rama. Wata rana ya bari sai da ta yi mutuwar ƙarshe, wadda darakta ya ce in ta sake motsawa, a bakin aikinta, sannan ya sunkuya ya raɗa mata, "Zan turo magabatana. In ba ki so, yi magana yanzu."

Goggo ta yi shiru har aka ja labule. Har gobe tana cewa ba amincewa ta yi ba, aiki ne ya riƙe mata baki. 'Ya'yansu huɗu.

Da masu fim suka neme ta, ta je da muryarta ta dandamali, wadda ke kaiwa kujerar ƙarshe. Baitin farko mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya yi waje. Daraktan fim ɗin yaro ne mai ladabi, bai yi musu da ita ba ko sau ɗaya.

"Mama, ki mutu yadda ranki yake so."

Ta ji daɗinsa, ta mutu ta tashi son ranta, ta dawo gida tana sa masa albarka. Ba ta san a fim akwai almakashi ba. Ranar da aka fara nuna shi a silima muka je mu duka, ta sha ado ta zauna a tsakiya. A majigi aka nuno ta ta yi tari, ta lumshe ido, sai ga mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Goggo ta miƙe tsaye cikin duhu. "Wallahi ban gama ba!"

Daga kujerarta ta rera sauran baitocin, Dogo yana jan zanenta yana cewa, "Ke, ki rufa mana asiri." Mutane suka juya wa majigi baya suna haska ta da wayoyinsu. Yaron darakta ya zo har inda take ya durƙusa, ta ja masa kunne a gaban kowa, sannan ta tambaye shi yaushe za a fara na gaba.

Na gaban shiri ne na talabijin mai dogon zango. Aka ba ta kaka wadda za ta rasu a farkon labari. Wannan karon dabara ta sauya: kullum aka zo ɗaukar rasuwar sai ta zo da sabuwar waƙa, marubuta su ce a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Sai da ta binne jarumin shirin da matarsa da likitan da ke duba ta.

Yanzu gwiwa ta hana ta hawa dandamali. A falonta take tara 'yan mata masu sha'awar sana'ar, ta ture kujeru gefe, ta shimfiɗa katifa, tana koya musu yadda ake faɗuwa ba a fasa ƙeya ba, da yadda ake riƙe murya mutum yana kwance. Kwanan baya sabuwar maƙwabciyarsu ta shigo gaisuwa, ta tarar da 'yan mata zube a ƙasa ba mai motsi, Dogo na gefe yana shan shayi. Matar ta saki faranti ta fara salati.

Goggo ta daka mata tsawa daga kan kujera. "Baiwar Allah, ki yi a hankali, kada ki taka min yarinyar da ke bakin ƙofar nan. Ita kaɗai ce ta mutu daidai."