Tayoyin Gwanjo a Garejin Alhaji

Na yi shekaru ina tuƙin tirela a wajen wani Alhaji a Daura. Shanu muke ɗauka daga kasuwannin kan iyaka mu kai Kudu, mu dawo da siminti ko manja ko duk lodin da ya samu. Mai ɗauke da shanu ba ya tsayawa ya yi barci yadda ransa yake so, domin dabba in ta daɗe tsaye cikin zafi sai ta durƙushe, 'yan'uwanta su tattake ta. Goro da shayi muke dannawa mu ci gaba da tafiya, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe. Wannan duk mun san da shi tun kafin mu karɓi makulli, kuma mun haƙura. Zargi ne ya kore ni daga aikin.

Alhaji mutum ne mai fara'a, in ya gan ka a masallaci har hannu biyu yake ba ka. Amma bai cika zuwa gareji ba. Ƙanen matarsa ne manaja, shi yake raba mana lodi, shi yake sayo kayan gyara. Wata rana na dawo daga tafiya, na kira shi na nuna masa tayar gabana.

"Manaja, dubi nan. Ta suɗe, har waya ta fara leƙowa."

Ya sa ƙafa ya ɗan shure ta. "Ba wannan aka sa maka kafin azumi ba?"

"Ita ce. Amma ko ranar da aka sa ta, gwanjo ce, an dai wanke ta an shafa mata baƙi."

Ya dube ni ya ce, "Alhaji dai sabuwa ya saya. In ta tsufa a hanya, kai ka san inda ta tsufa."

Sai da ya juya ya tafi na gane abin da yake nufi. Wai mu ne muke cire sababbin tayoyi a hanya mu sayar, mu ɗaura tsofaffi.

A lokacin mu direbobin garejin kanmu a haɗe yake. Akwai wata bishiyar darbejiya a bakin ƙofa, duk wanda ba ya kan hanya nan yake zama, mu sayi fura a dama mana a ƙwarya ɗaya. Akwai dattijon cikinmu da muke kira Baba, wanda ya koya wa rabinmu tuƙi. Akwai abokina mutumin Baure, mai yawan dariya. Sai wani da bai daɗe da zuwa ba, ɗan garin Babban Mutum, wanda ba ya son magana. Da na ba su labari, kowa ya ce shi ma an gaya masa makamancin haka. Wasu suka ce manaja ne yake karɓar sabuwa ya kawo gwanjo. Baba ya ce kada mu yi saurin wanke Alhaji, wataƙila shi da kansa yake sayen gwanjon, yana fakewa da surukinsa.

Ana cikin haka tayar gaban mutumin Baure ta fashe da tsakar rana, bai yi nisa da barin gari ba, motar cike da shanu. Motar ta ƙwace masa ta kwanta a gefen titi. Dole aka yanka wasu shanun a nan take, shi kuma ƙafarsa ta karye. Ina cikin waɗanda suka fara isa wurin. Da manaja ya iso, wajen tayar ya fara zuwa, ya tsuguna ya ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, sannan ya miƙe ya tambaya wane asibiti aka kai direban. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a tasha cewa mutumin Baure ya sayar da tayar da aka ba shi, Allah ya kama shi.

Ranar Laraba muka taru a gindin darbejiya. Baba ya ce, "'Ya'yana, yau shi ne, gobe ɗayanmu ne. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci mu tafi gidan Alhaji gaba ɗaya. Mu ɗauki fasasshiyar tayar nan mu ajiye masa a ƙofar gida, ya duba da idonsa ko ta taɓa zama sabuwa." Muka amince, muka yi alkawarin kada maganar ta fita.

Da safiyar Alhamis kowa ya samu lodi. Ni aka tura ni Kudu, Baba aka tura shi ɗaukar gero a Dutsi ya wuce da shi gabas, sauran ma aka watsa su. Tayar da muka jingine a bayan ɗakin bakanike babu ita. Muna shirin tashi wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "To, ranka ya daɗe," ya kashe. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji ne. Ya ce ya ji za mu kawo masa ziyara, amma mu bari sai aiki ya yi sauƙi."

Duk tsawon tafiyar nan ina riƙe da sitiyari ina jera fuskokin waɗanda suka zauna a gindin bishiyar. Da muka dawo muka tarar mutum ɗaya ne bai je ko'ina ba, ɗan Babban Mutum. Ba wanda ya ce masa komai, amma in ya iso sai hira ta mutu. In ya miƙo hannu ga ludayi, sai kowa ya ce ya ƙoshi.

Wata rana ya tare ni a wajen famfo ina alwala.

"Malam, na san abin da kuke tunani," in ji shi. "An ba ni lodi ranar, ni na ƙi. Birkina ba ya kamawa, na ce ba zan fita da ita ba sai an gyara. Je ka tambayi bakanike."

"Ni ban ce maka komai ba."

"Gara ma ka ce. Ni ma tun ranar nake kallon ku, ina tunanin wane ne a cikinku."

Na tambayi bakanike, ya ce gaskiya ne birkin ya lalace. Amma bakaniken yaron manaja ne, don haka ban san ko in yarda ba. Ba a daɗe ba ɗan Babban Mutum ya ajiye makulli ya koma garinsu. Muka ce to, yanzu ma huta. Sai ga shi duk abin da muka faɗa yana ci gaba da isa gidan Alhaji. Na yi ƙorafi a kan rashin hutu da yamma, washegari manaja ya tare ni da cewa ya ji na gaji da aiki.

Daga nan kowa ya koma shan furarsa shi kaɗai. Aka sa wa motar Baba sababbin tayoyi na gaske, na tsaya ina kallon su ina tambayar kaina me ya yi aka ba shi. Shi kuma ya ga Alhaji ya riƙe hannuna ya daɗe a wajen wani ɗaurin aure, tun daga ranar gaisuwarsa ta zama gajera.

Da abin ya ishe ni na shirya na tafi gidan Alhaji ni kaɗai. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Na gaya masa komai, tayoyin, birkin, da ƙazafin da aka yi wa mutumin da yake kwance da karaya.

Ya ja carbinsa ya ce, "Direba, manaja ya ce ku ne, ku kun ce shi ne. Ni ina zaune a gida, motocina suna can inda idona ba ya kaiwa. Da wa zan yarda?"

"Ranka ya daɗe, ka zo gareji ranar da za a ɗaura taya ka gani."

"Zan zo, in sha Allahu." Ya matso ya rage murya. "Na daɗe ina lura da kai, kai mutum ne mai gaskiya. Ga lambata ta musamman. Duk abin da ka ji ana faɗa a gindin bishiyar nan, ka riƙa sanar da ni. Tsakanina da kai ne, ba wanda zai ji."

Yadda maganar ta fito masa sumul, ba ko tuntuɓe, shi ya tsaya mini a rai. Na ce, "Alhaji, ni kaɗai ka gaya wa haka?" Ya yi murmushi, ya ce in gaida iyali.

Bai zo garejin ba. Na yi tafiya ɗaya bayan wannan, da na dawo na miƙa wa manaja makulli. Bai tambaye ni dalili ba. Ya kira bakanike ya sa ya zagaye motar yana duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye, kafin ya ce zan iya tafiya.

Yanzu ƙaramar motar wani ɗan'uwana nake ja, ina kai hatsi kasuwannin ƙauye, kullum a gida nake kwana. Bayan damina na je Baure duba abokina. Na same shi zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sandarsa a gefe, yana kallon yaransa suna sussukar gero. Ƙafar ta haɗe amma ta karkace, ba zai ƙara taka birki ba. Na ba shi labarin zuwana gidan Alhaji da abin da ya roƙe ni.

Ya yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba. "Ashe sai yanzu ya iso kanka? Ni tun shekarar da na fara aiki ya ba ni lambar nan. Baba ma yana da ita, na taɓa gani a wayarsa."

"Ka taɓa kiran sa?"

Ya sunkuya yana gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu. Can ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da gero a Dutsi bana.