Ranar da Saloma Ta Yanke Layin Wasagu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin kayan makaranta bakin kasuwar Zuru ya san Saloma tela, kuma da wuya ya fito shagonta ba ta yi masa faɗa ba. In ka kawo yadi kaɗan ta ce kana so yaro ya tafi makaranta tsirara, in ka kawo da yawa ta ce ɓarna ta yi maka yawa. Shekarunta hamsin da bakwai, tabaraunta ɗaure da zare, kuma har yau ban ga wanda ya kayar da ita a gardama ba. Amma mutane suna komawa, domin ɗinkinta ba ya warwarewa, maganar da ka faɗa mata kuma ba ta fita shagon.

Mijinta soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a garin. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe shi a bakin daga. Ba dattawa suka zo gida suka zauna da ita suka gaya mata ba, yadda aka saba. Tana sayen tumatir wata mata ta miƙa wa ta kusa da ita waya, tana cewa a dubi abin da aka yi wa sojojinmu. Saloma ta leƙa, ta ga fuskar mijinta a ƙasa. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne har da masu sa wa hoton alamar kuka, mutanen da ba su san ko sunansa ba. Aka bar ta da ɗa ɗaya, Kefas, da keken ɗinki.

Shi ya sa da Sila, ɗan wanta da ke aikin kwamfuta a Kaduna, ya zo da maganar zaure, ita ce ta fara sauraronsa. Ya ce ba dole sai mutanen gari sun zuba sirrinsu a dandalin manyan kamfanoni ba. Za a iya ajiye 'yar kwamfuta guda, ta zama zauren Zuru, mutanen Zuru su yi hirarsu a ciki da dokokinsu. Wasagu na da nasu zauren, Ribah na da nasu, Yauri ma haka. In masu kula da zaure biyu sun yarda sai a haɗa layi, saƙon can ya riƙa zuwa nan, na nan ya je can. In an ɓata kuma, kowa na iya yanke nasa layin. Ya tambayi wa zai kula da na Zuru, matan sojoji suka haɗa baki suka ce ai ga Saloma, da ma faɗan a jininta yake.

Ta riƙe aikin da gaske. Tana taka keke, waya na gefen almakashi. Dokokinta ba su da yawa: ba a sa lambar wayar kowa, har tata, wanda ba ya son a san sunansa ya zaɓi laƙabi, ba a faɗin inda aka tura soja, ba a sanar da mutuwa sai iyalin sun ji daga bakin mutum, ba a sa hoton gawa ko na wanda ya ji ciwo. Fasto ya taɓa karya doka ta goge saƙonsa, ta bi shi har harabar coci da ƙarin bayani. Limami ma bai tsira ba. A zauren nan aka samo akuyar Magdalene, maƙwabciyarta, aka haɗa jini wa mai naƙuda, aka sasanta faɗan iyakar gona a Manga. Mutane suka riƙa kiranta Maman Zaure, tana yi kamar ba ta so.

Matsalarta ɗaya ita ce zauren Wasagu. Mai kula da shi, Malam Maharazu, mai shagon cajin waya, mutum ne mai gaggawa. A ganinsa, a ƙasar da 'yan bindiga ke tare hanya, ɓoye hoto ɓoye gaskiya ne. Ta gargaɗe shi sau biyu. A damina ta bara aka kai hari wani ƙauye, hotunan suka biyo layi suka faɗo zauren Zuru da sassafe, wata yarinya ta ga kawunta a ciki kafin Saloma ta kai ga gogewa. Ranar Saloma ta rubuta wa Maharazu saƙo mai zafi, ta ce matattu ma suna da mutunci, sannan ta danna ta yanke layin Wasagu gaba ɗaya. Daga ranar, ko da mutanen Ribah sun ɗauko saƙon Wasagu sun yaɗa, ba ya bayyana a Zuru. 'Yan kasuwa suka yi ƙorafi, suka ce ta nan suke jin labarin hanya. Ta ce su kira waya. Ni kaina a lokacin na ce ta yi daidai, kuma har yanzu ban iya cewa ta yi kuskure ba.

Kefas ya kai shekara ashirin da tara. Sana'arsa bin ƙauyuka a babur yana sayo wa 'yan kasuwa wake da dawa. Yakan yi kwana huɗu, biyar, a wuraren da waya ba ta shiga, don haka da ya fita ranar wata Talata bayan girbi, uwarsa ba ta damu ba sai da Lahadi ta zo, ba a gan shi a coci ba. Litinin ta rubuta cigiya a zaure, da laƙabin da abokansa suka san shi da shi. Saƙon ya je Ribah, ya je Yauri. Wasagu kam bai je ba, kuma ita ba ta ko tuna da hakan ba, domin Kefas bai ce can za shi ba.

Ranar Laraba ƙanwar Magdalene ta zo daga Ribah. Ta shigo shagon tana juya waya a hannu, ta ce, “Maman Kefas, akwai wani abu da na gani a zaurenmu tun makon jiya. Ban haɗa shi da ku ba sai jiya.”

Saƙon Maharazu ne. An tsinci wani saurayi a gefen hanya, an ƙwace masa babur da waya, an buge shi a kai da muƙamuƙi, yana asibitin Wasagu, ba ya iya magana. Babu hoto. Ya rubuta cewa dogo ne, baƙi, da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu, wandonsa na da faci a gwiwa da aka ɗinke da jan zare. Duk wanda ya san shi ya zo. Saloma ta karanta, ta dubi keken ɗinkinta, domin ita ta yi facin nan ranar da baƙin zare ya ƙare mata. Ƙasa da shi akwai saƙo na biyu, washegari: har yanzu yana da rai, don Allah a yaɗa. Na uku gajere ne, ranar Juma'a: ya cika.

Ba ta yi kuka a shagon ba. Ta rufe, ta shiga motar Wasagu, Magdalene na biye da ita.

Maharazu ya miƙe tsaye da ya ji ko ita wace ce. Ashe ƙaramin mutum ne, bai girmi Kefas da yawa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa ɗaga kai.

“Mama, wallahi mun yi cigiya. Ko'ina munka aika. Ban san na Zuru na ba, kuma lambarki ba ni da ita.”

“Me ya sa ba ka sa fuskarsa ba?” Ita da kanta ta ji abin da bakinta ya faɗa.

“Tun randa kinka yi min magana ta ƙarshe ban sake sa hoton kowa ba, Mama. Na ga gaskiyarki.”

Ya ce laifinsa ne, da bai sa hotunan farko ba da ba a yanke layi ba. Ta ce ya bar wannan maganar, da yatsarta ta danna, ba wanda ya riƙe mata hannu. Ya ƙara da cewa ba su san Kirista ba ne, sun yi masa wanka da salla sun binne shi cikin nasu, ta yafe musu. Ta ce ba wannan ya dame ta ba. Abin da take son sani shi ne ko shi kaɗai ya kwanta kwana biyun nan.

Sai ya kai ta wurin Khairunnisa, wata dattijuwa mai sayar da kunu a ƙofar asibitin. Ita ce ta bar robar kununta ta zauna da shi, tana jiƙa masa leɓe da ruwa, tana kore masa ƙuda. Matan biyu suka zauna a benci, Saloma ta riƙe hannunta kamar sun daɗe da sanin juna.

“'Yar'uwa, gaya min gaskiya. Ya san inda yake?”

Khairunnisa ta so ta yi mata ƙarya, an ga alama a fuskarta, amma ba ta iya ba.

“Ya sani. Baki ne kawai ba shi da shi, hannun ma bai riƙe biro. Na ce mashi an yi cigiya cikin waya, ko'ina an aika, naka na nan tahe. Ya ji ni, har ya matse min yatsa. Daga nan duk wadda ta shigo ɗakin, in mace ta, sai shi juyo da ido shi dube ta.”

“Har yaushe?”

“Har ranar Juma'a da hantsi.”

Saloma ta cire tabaraunta ta ɗora a cinya. Ta tambayi ko mata nawa suka shiga ɗakin a kwana biyun, Khairunnisa ta ce asibiti ne, 'yar'uwa, mata ai ba su ƙirguwa. A nan ne kukan ya zo mata.