Bajin da Na Maƙala a Ciki

Ina amarya aka ɗauke ni aiki a ɗakin hoton ƙirji na wani ƙaramin asibiti wajen Bawku, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Aikina riƙe marasa lafiya. Yaro mai tari ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, tsohuwa kuwa na jin ƙugin na'ura sai ta nemi ƙofa. Ni ke dafa kafaɗa, ina lallashi da Hausa da guntun Kusasancina, yaren mutanen wurin, har a gama.

Wata rana likita ya raba mana baji, ɗan abu kamar laya mai fim a ciki, ya ce kowa ya maƙala a ƙirji, duk wata za a aika da shi Ankara, babban birnin ƙasarmu. Ya yi dogon bayani da Turanci, na tsinci rabi. Abin da na kama shi ne na'urar tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai cin jiki a hankali, kuma bajin saboda shi ne. Ni da na tashi gidan malamai a Yendi, abu mai kama da laya ai ban buƙaci tafinta ba. Na ɗauka tsari ne.

A lokacin ina da ciki, na fari. A gidanmu mace ba ta faɗin cikin fari ko ga uwarta, balle ga namiji baƙo mai farar riga. Na ja bakina na yi shiru, amma tsoro ya hana ni sakat. Rigar dalma mai tare hasken guda ce a ɗakin, ta yi mini nauyi, ga zafi, sau da yawa a ƙusa take kwana. Sai na sauko da bajin daga ƙirji, na maƙala shi daidai cibiya, na ce ya tsare wanda ya fi ni buƙata.

Akwai wata dattijuwar nas, mutuniyar Salaga, mai baki kamar reza. Ita ta tare ni a bakin famfo, ta dubi bajin, ta dubi idona.

"'Yar nan, wata nawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Wannan abu ba shi tsare kowa," ta ce. "Shaida ne kawai. Abin da ya shiga jikinki shi yake ƙirgawa. Kin sa shi nan, to abin da ɗanki ya sha za shi faɗa."

Na tuna duk yaran da na rungume a gaban na'urar, cikina a manne da bayansu. Na ce, "Iya, ki rufa mini asiri." Ta ce asirin da zai ci ɗa ba da ita ba, ta ja hannuna har gaban likita. Ita ta yi magana, ni ina kallon siminti. Ran nan aka mai da ni ɗakin magani.

Amsar baji ta daɗe a hanya, damina ta ɓata titi. Da ta zo, likita ya ce abin da bajin ya ƙirga bai kai abin tsoro ba. Ban samu natsuwa ba, don bajin bai san watannin da na yi kafin a kawo shi ba. In cikin ya yi motsi in ji tsoro, in ya yi shiru in fi jin tsoro. Ko mijina ban gaya wa ba.

Na tafi goyon ciki Yendi, can na haihu. Al'ada ta ce in kau da kai, kada in nuna na san da ɗan fari a gaban mutane. Ungozoma ta wanke shi, ta miƙa wa gwaggona. Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na warware zanen a gaban tsofaffi, ina buɗe yatsunsa, ina leƙa bakinsa, ina juya shi. Gwaggo ta ce aikin asibiti ya cinye mini kunya.

Ban ko ɗago ba. Na tafa hannu kusa da kunnensa, ya zabura, ya tsala kuka, ni ma na fashe da nawa.