Hannun Wendell Rautio a Kan Labule

Haihuwa da karatu

An haifi Wendell Rautio a shekarar 1941 a garin Duluth, bakin tafkin Superior. Mahaifinsa, Eino Rautio, ma'aikacin jirgin ruwan dakon tama ne, mahaifiyarsa Hilja kuwa tela. Ya kammala sakandare a 1959 da ƙyar da jiɓin goshi, domin ilimin da ya zauna masa shi ne na ƙullin igiya, wanda ya gada wajen mahaifinsa.

Aiki

A 1960 aka ɗauke shi a gidan wasan kwaikwayo na Halvorsen, cikin masu jan igiya. A wancan zamani labule da allunan zane duk da igiya ake ɗaga su, buhunan yashi na rataye a sama suna daidaita nauyi. Shekara arba'in da takwas yana tsaye a barandar da ke saman dandamali, inda 'yan kallo ba sa ganinsa, har tafin hannunsa ya yi kanta kamar fatar takalmi. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa mun sha faɗa, musamman wanda ya kuskura ya yi fito, domin da fito magabata ke ba da alamar sakin kaya. Sai ka ji daga sama: "Kai, mai bakin tsuntsu! Buhu kake so a ka?"

Baiwarsa tana ga rufe labule. Yakan saurari numfashin jama'a tukuna. In wasan ban dariya ne, ya sake shi farat ɗaya. In na baƙin ciki ne, ya sauko da shi a hankali, ya tsayar da shi daidai kan 'yan wasa na ɗan lokaci, sa'annan ya ƙarasa.

Aure

A 1966 ya auri Lorraine Bergquist, mai ɗinkin kayan 'yan wasa, wadda ta rayu tana yi masa tsiya cewa hatta labulen ɗakinsu sai ya ja masa rai.

Gyaran gidan wasa

A 2008 masu binciken gini suka tabbatar katakon sama ya ruɓe, aka yanke shawarar cire igiyoyi a kafa injunan lantarki da kwamfuta ke sarrafawa. Wendell bai yi jayayya ba, shi da ya taɓa ganin buhu ya faɗo dab da ƙafar wata 'yar wasa. Da hannunsa ya kwance igiya ta ƙarshe. Abin da ya dame shi ɗaya ne: salon rufewar nan a hannunsa kaɗai yake, kuma zai bi shi kabari.

Ranar gwaji, injiniya Marisol Quintero, wadda ta jagoranci aikin, ta danna maɓalli. Labule ya sauko garau, sumul, ba gargada. Shugabanni suka yi tafi. Wendell ya ja tsaki.

"Wannan ai rufe shago ne, 'yata."

"To baba, daƙiƙa nawa ya kamata ya ɗauka?"

"Ina na sani? Tambayi hannuna."

Da wata ce, da ta yi fushi. Ita kuwa, Allah Ya saka mata, sai ta sa aka sake rataya igiya ɗaya, aka haɗa ta da na'urar awo. Kwana uku muna yin ƙarshen tsofaffin wasanni a dandamali, shi yana ja, na'ura tana ɗauke kowane motsi da kowace tsayawa. Salo tara aka samu. Da aka sa injin ya maimaita na huɗu, na baƙin cikin, Wendell ya zauna a kujerar 'yan kallo, karo na farko a rayuwarsa da ya ga aikinsa daga gaba. Ya cire hula, ya ce, "Ashe haka yake." Wallahi mun yi hawaye. Ya yi ritaya a ƙarshen shekarar, yana gode wa Marisol a duk inda ya zauna.

Rasuwa

Ya rasu ranar 11 ga Maris, 2019, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan gajeruwar jinya. An binne shi kusa da iyayensa a maƙabartar da ke duban tafki. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Carl, Aili da Dennis, da jikoki biyar.

Daga maƙabarta muka wuce gidan wasa. Aka ajiye safar hannunsa a tsakiyar dandamali, Marisol ta danna maɓallin salo na huɗu. Labule ya taho a hankali, ya tsaya daidai tsawon mutum. Lorraine ta share ido, ta ɗaga kai wajen barandar da babu kowa, ta ce, "Haba Wendell, har yanzu kana ja mana rai?"

Sa'annan labulen ya ƙarasa.